Muhawara: Shin Bitar Kwana Biyu Ta Isa Malami Ya Ajiye Bulala Ya Koma Sulhu?

Malam Kabiru, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai. Ina so mu tattauna batun horar da malamai yadda za su ladabtar da ɗalibai ta hanyar sulhu da gyaran ɓarna, a madadin bulala ko dakatarwa ko kora. Ga waɗanda ba su ci karo da tsarin ba, manufarsa ita ce idan yaro ya yi laifi a zaunar da shi tare da wanda ya cuta, a ji abin da ya faru daga bakin kowannensu, a gano waɗanda abin ya taɓa, sannan a amince a kan abin da mai laifin zai yi da kansa domin ya gyara ɓarnar da ya yi.

Misalin da zan ɗora maganar a kansa shi ne na birnin Pittsburgh da ke jihar Pennsylvania ta Amurka, domin a can an gwada abin bisa tsari. An ɗauki makarantun gwamnati 44, aka yi ƙuri'a, 22 suka shiga shirin, sauran 22 suka ci gaba da yadda suka saba, aka bibiyi kowane ɓangare a shekarun karatu na 2015/16 da 2016/17. Cibiyar IIRP, mai koyar da wannan tsari na sulhu, da ke garin Bethlehem a jihar ita ta horar da malaman: an tanadi kwana huɗu na horo, amma biyun farko ne kawai suka zama dole, sai kuma mai horarwa da ke leƙo makaranta jefi-jefi da taron wata-wata da malamai kan yi a tsakaninsu. Cibiyar bincike ta RAND ta fitar da sakamakon a ƙarshen 2018. Kwanakin karatun da yara ke asara saboda dakatarwa sun ragu da kashi 16 cikin 100 albarkacin shirin, malamai kuma sun ce zaman makaranta ya ƙara daɗi. Sai dai a aji 6 zuwa 8, wato daidai da ƙarshen firamare da farkon ƙaramar sakandare a wajenmu, dakatarwar ba ta ragu ba, sakamakon jarrabawa ma ya ja baya. Ra'ayina shi ne tsarin ba shi da laifi, horon ne ya yi kaɗan. Ina neman jin naku.

Malam Garba, tsohon hedimasta, Haɗeja:
Wa alaikumus salam. Malam Kabiru, ka kawo maganar da adalci tunda ba ka ɓoye inda abin ya gaza ba, amma ni a nan ɗin na tsaya. Ƙasar da ke da kuɗi, ajinta bai cika wuce yara talatin ba, an kawo ƙwararru sun horar, duk da haka karatun yara masu tasowa ya ja baya. To ina ga makarantar da malami ɗaya ke fuskantar yara fiye da ɗari, rabinsu a zaune a ƙasa? Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, 40 a sakandare, kuma duk wanda ke cikin wannan zaure ya san wannan a takarda ya tsaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa da bulala aka tanƙwara mu, ga shi ba mu lalace ba.

Malama Hadiza, Kano:
Baba Malam Garba, Allah ya ƙara girma. Ina ganin akwai bambancin da ya kamata mu lura da shi tun kafin muhawarar ta yi nisa. Abin da Amurkawa ke gudu daban yake da abin da muke fama da shi. Su matsalarsu korar yara ce daga aji. Tun daga dokar da aka kafa a 1994, wadda ta wajabta korar duk ɗalibin da ya kawo bindiga makaranta na tsawon shekara guda, makarantu da yawa suka faɗaɗa wannan tsauri har ya kai ga ƙananan laifuka, ana dakatar da yaro saboda ya mayar wa malami magana, kuma ƙididdigar gwamnatinsu ta nuna yara baƙar fata ne suka fi shan wannan hukunci. Shi ya sa hukumar makarantun birnin Los Angeles ta hana dakatar da ɗalibi saboda taurin kai kawai a 2013. Mu kuwa ba mu cika dakatarwa ba. Bulala ce, da tsallen kwaɗo, da kamun kunne, da noman ciyawa a rana. Saboda haka ma'aunin nasararsu, wato yawan kwanakin dakatarwa, ba zai yi mana amfani ba. Abin da za mu iya ɗauka daga gare su shi ne darasin horon malamai, kuma a nan ina tare da Malam Kabiru.

Dokta Aminu, Sakkwato:
Zan ƙara wasu gwaje-gwajen uku, domin kada a ɗauka Pittsburgh ce kaɗai hujja. A kudu maso gabashin Ingila an yi irin wannan gwaji a makarantun sakandare 40, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2018. Yadda suka tsara horon ya bambanta: dukkan ma'aikatan makaranta sun sami gajeren bayani na 'yan sa'o'i, sannan aka zaɓi wasu kaɗan daga kowace makaranta aka ba su horo mai zurfi na kwana uku, aka kuma kafa kwamitin da ɗalibai da malamai ke zama tare suna duba dokokin makarantar. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, da aka auna bayan wata 24 ba a ga wani bambanci a kan cin zali tsakanin ɗalibai ba, sai da aka kai wata 36 sannan aka ga ya ragu, shi ma ba raguwa mai yawa ba. Gwajin Pittsburgh kuwa shekara biyu kacal ya yi. Mai yiwuwa ne an tsayar da awo a daidai lokacin da malamai suka saki tsohuwar hanya amma ba su riga sun ƙware a sabuwar ba, wanda kuwa shi ne lokaci mafi wuya a kowace makaranta.

Na biyu shi ne Chicago, inda masu bincike na jami'ar birnin suka duba manyan makarantun sakandare da suka karɓi tsarin, suka bayar da rahoto a 2023 cewa dakatarwa da kamun da 'yan sanda ke yi wa ɗalibai duk sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ba tare da sakamakon karatu ya faɗi ba. A can an tura masu horarwa cikin makarantun suna aiki kafaɗa da kafaɗa da malamai, ba a tsaya ga taron bita kaɗai ba. Domin adalci kuma, gwajin da RAND ta yi a makarantu 14 na jihar Maine bai nuna wani bambanci na a zo a gani ba.

Malam Garba:
Dokta, ke nan cikin huɗu, ɗaya ya yi kyau, ɗaya ya yi rabi da rabi, ɗaya sai bayan shekara uku, ɗaya kuwa babu komai. Wace hukumar ilimi ce a wajenmu za ta jira shekara uku? Kafin nan an canja kwamishina, an kuma yi wa malaman da aka horar canjin wurin aiki.

Malama Rabi, mai ba ɗalibai shawara, Katsina:
Wannan tambaya ta Baba gaskiya ce, amma ina so in koma kan ainihin abin da ake koya wa malami, domin da yawanmu muna ɗauka mun riga mun iya sulhu tun daga gida, kuma a nan haɗarin yake. Sulhun da muka tashi muka gani, babba ne ke kiran mutum biyu, ya yi wa mai laifi faɗa, ya juya ga wanda aka cuta ya ce ka yi haƙuri, ɗan'uwanka ne, a yi musafaha a tashi. Sau da yawa wanda aka cuta bai faɗi komai ba, kuma ba shi da bakin cewa bai yafe ba a gaban manya. Na taɓa ganin an yi wannan a wata makaranta: babban yaro ya daɗe yana ƙwace wa ƙarami kuɗin tara, da magana ta fito sai malamin ladabtarwa ya tsayar da su a gaban asambali, ya sa babban ya ce yi haƙuri, ya sa ƙaramin ya ce na yafe, aka tafa. Ba a mayar da ko kwabo ba, kuma yaron ya koma gida ta hanya ɗaya da wanda ya tona wa asiri. Wannan ya fi bulala muni a wajen yaron da aka zalunta, domin an nuna masa cewa kai ƙara ba shi da amfani.

Horo na ƙwarai yana farawa ne da warware wannan sabo. Ana koya wa malami ya gana da kowane yaro shi kaɗai kafin a haɗa su, ya tabbatar mai laifin ya amsa cewa ya aikata, ya kuma tabbatar wanda aka cuta ya yarda da zaman don kansa, in bai yarda ba a nemi wata hanya. A cikin zaman ana tambayar mai laifin me ya faru, me yake tunani a lokacin, wa yake ganin abin ya shafa kuma ta yaya, sannan me zai yi ya gyara. Ana guje wa tambayar don me ka yi, saboda yaro na jin ta zai fara neman uzuri ko ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Shi ma wanda aka cuta ana tambayarsa abin da ya fi yi masa ciwo da abin da yake so a yi. Mafi wuya a cikin duka shi ne malami ya kame bakinsa ya bar yaro ya yi tunani, ko da shirun ya yi tsawo, domin mu aikinmu magana ne, kuma da mun ji shiru sai mu cike shi da nasiha. Wannan ba ya shiga jiki ta hanyar lacca. Sai an yi ta gwaji, wani ya zama yaro wani ya zama malami, mai horarwa yana gefe yana tsayar da kai duk inda ka fara wa'azi. A ƙarshe a rubuta abin da aka amince a kai, a sa ranar da za a dawo a duba ko an cika, kuma wannan dawowar ce aka fi mantawa da ita.

Malam Kabiru:
Malama Rabi, kin taɓo inda nake so a je. A rahoton Pittsburgh malamai sun ce babban abin da ya hana su aiwatar da tsarin shi ne rashin lokaci, su kuma ɗalibai da aka tambaye su sun ba malaman makarantun shirin maki ƙasa da na sauran a fannin riƙon aji. A fahimtata, malami ya ji an ce kada ya tura yaro ofis, amma ba shi da mintuna ashirin da zai zauna da shi, sai ya kau da kai, yara kuwa sun fi kowa saurin gane malamin da ya rasa abin yi.

Malam Issaka, Kumasi:
Gaisuwa ga jama'ar zaure. Mu a Gana mun ga wani ɓangare na wannan. Hukumar ilimi ta hana dukan ɗalibai a 2017, a farkon 2019 kuma ta umarci makarantu su koma amfani da wani kundin ladabtarwa ba tare da duka ba. Umarnin ya iso da sauri, horon kuwa bai iso ko'ina da saurin nan ba. Abin da na gani a tsakanin abokan aiki shi ne wasu sun ci gaba da bulala a ɓoye, wasu kuma sun naɗe hannu sun ce tunda an hana mu, kowa ya yi abin da ya ga dama. Duka biyun yaro ne ke asara.

Alaramma Sanusi, Gusau:
Ina bibiyar maganar tun farko. Kada a ɗauka taƙaita duka baƙon abu ne a karatunmu. Muhammad ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi a kan ladubban malamai, ya ce kada malami ya wuce bulala uku sai da izinin uba, kuma kada ya yi duka don huce fushinsa. Ibn Khaldun ma ya keɓe fasali guda yana bayanin cewa tsanantawa tana cutar da ɗalibi, tana koya masa ƙarya da munafunci saboda tsoro. Sannan ayar Suratul Hujurat da ta yi umarni da sulhu tsakanin ɓangarori biyu ta gindaya cewa a yi shi da adalci, ta kuma ce a tsaya wa wanda aka zalunta har sai mai zalunci ya dawo kan hanya. Don haka sulhun da Malama Rabi ta soka, na tilasta wa mai rauni ya yafe, ba shi ne wanda addini ya koyar ba. Shawarata ita ce duk wanda zai horar da malamai a ƙasar Hausa ya shigo ta wannan ƙofa, ya kuma gayyaci malaman Islamiyya da na allo, domin idan iyaye suka ji abin daga bakin ƙungiyar Turawa kaɗai za su ce an zo a sangarta musu 'ya'ya.

Malam Garba:
Allah ya gafarta Malam, ai kai ma ka ce uku, ba ka ce babu ba. Ni ban taɓa goyon bayan malamin da zai fasa wa yaro jiki ba, kuma na sha tsawata wa masu yin haka. Abin da nake tsoro shi ne yaro ya gane cewa iyakar abin da za a yi masa shi ne a zauna a yi magana. Wanda ya zo da wuƙa fa? Wanda ya taɓa 'yar mutane fa?

Malama Hadiza:
Baba, waɗannan ba a kai su zaman sulhu da sunan an gama magana. Makami da cin zarafin yarinya lamari ne na hukuma da iyaye, kuma haɗa yarinyar da wanda ya ci zarafinta a ɗaki ɗaya domin a ce ta yafe wata cutar ce a kan cuta. Sanin abin da ya dace da zaman sulhu da wanda bai dace ba yana cikin abin da dole a koyar, kuma shi ne dalilin da ya sa nake adawa da salon bitarmu, inda ake kiran mutum biyu daga kowace makaranta zuwa babban birnin jiha, a yi kwana biyu a otal, a karɓi alawus da jaka, a ce su koma su horar da sauran. Kafin maganar ta isa ga malamin aji ta zama jimla ɗaya: an ce a daina duka. Ko a inda aka fara kai wannan tsari makaranta, wato jihar Queensland ta Ostareliya a 1994, bayan wani faɗa da ya auku a wajen bikin ɗalibai, mai ba da shawara ce ta makarantar ta jagoranci zaman bayan ta koyi yadda ake yi, ba a ɗora wa kowane malami a rana ɗaya ba. Su kuma sun ɗauko salon ne daga zaman iyali da Niyu Zilan ta sa a dokar yara ta 1989, wanda ya samo tushe daga al'adar kabilar Maori, kuma a can akwai jami'ai na musamman da aikinsu ke nan.

Sannan maganar cewa zama kawai ake yi a tashi, ba haka ba ne idan an yi shi daidai. Yaron da ya fasa taga zai tsaya tare da kafinta har a gyara, wanda ya ƙwaci kuɗi zai mayar a gaban mahaifinsa, wanda ya yaga littafin wani zai zauna ya kwafe masa darussan da hannunsa. Yara da yawa za su gwammace a zane su sau shida su wuce, da a ce su dubi idon wanda suka cuta su saurare shi.

Dokta Aminu:
Idan za a nemi abin da zai yiwu da ƙarfinmu, ina ganin salon Ingila ya fi kusa da mu. A ba kowane malami abu kaɗan da zai iya yi a tsaye cikin minti biyu a bakin ƙofar aji, wato waɗancan tambayoyi da kuma yadda zai faɗa wa yaro illar abin da ya yi ba tare da zagin iyayensa ba. Zaman sulhu cikakke kuma a bar wa mutum uku ko huɗu a makaranta, ciki har da malamin ladabtarwa da mace aƙalla ɗaya, a rage musu darussa a jadawali domin su sami lokaci, kuma kada a ɗauke su daga makarantar kafin shekara uku. Zaman da'ira na dukkan aji, inda ake zama a kewaye kowa ya yi magana bi da bi, wanda Amurkawa ke ba muhimmanci, ba zai yiwu da yara ɗari ba sai an raba su gida-gida. Wurin da ya fi dacewa a dasa abin kuwa shi ne kwalejojin ilimi, kafin ɗalibi ya fita koyarwar gwaji, sannan Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda tun 1976 aikinta ke nan na ƙara wa malaman da ke bakin aiki sani, ta ɗauki nauyin waɗanda suka riga suka fara.

Malama Rabi:
Na yarda, da sharaɗi ɗaya: a fara da shugaban makaranta. Idan hedimasta bai zauna a horon ba, ranar da malama ta ɗauki rabin sa'a tana sasanta yara biyu zai leƙo ya ce ta bar aji babu kowa. Haka nan firifet-firifet, domin a makarantun kwana su ne ke yin mafi yawan dukan, da daddare, lokacin da babu malami ko ɗaya a kusa.

Malam Garba:
To ga tambayata ta ƙarshe, kuma da gaske nake yin ta. Idan malamin ne ya yi laifin fa? Ya zagi yaro da abin da ya shafi mahaifiyarsa a gaban aji, ko ya dake shi bisa kuskure. Za ku zaunar da malami da ɗalibi a tabarma ɗaya, yaro yana faɗa masa yadda ya ji?

Malam Kabiru:
Baba, a tsarin yadda yake a can, amsar ita ce e, kuma masu horarwa sukan fara gwada zaman a tsakanin malamai su kaɗai kafin a kai ga yara, domin wanda bai taɓa zama a kujerar mai amsa tambaya ba ba zai san nauyinta ba. A wajenmu ba zan ce a yi shi a gaban aji ba, kuma ba zan ce a fara da shi a shekarar farko ba. Amma a ofishin hedimasta, da uban yaron a zaune, malami ya saurara sannan ya ce na yi kuskure, wannan ina ganin zai yiwu, kuma idan yara suka ga tsarin yana hawa kansu kaɗai ba ya hawa kan malami, ba za su daɗe suna gaskata shi ba.

Malam Garba:
A ofis, da uba a zaune, wannan na taɓa yin irinsa tun ba a sa masa suna ba, kuma malamin bai rage daraja ba. Amma batun rage wa mutum huɗu darussa, Dokta, a makarantar da malamin lissafi ɗaya ne tak, sai ka faɗa mana wanda zai shiga ajin a madadinsu.